Abin da Katafila Ta Tono

Yayana ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tuƙa katafila, amma ban taɓa jin ya yi tutiya da hanya ko ɗaya da ya fasa ba. In baƙo ya tambaye shi aikinsa sai ya ce, "Turin ƙasa," ya ja bakinsa ya yi gum. Mutanen layinmu Mai Katafila suke ce masa, har bayan ya ajiye aiki gwiwoyinsa sun daina yarda da matakala. Gajere ne kakkaura, wuya a cushe cikin kafaɗa, muryarsa kuma ƙarar inji ta riga ta ɓata ta. Ko ruwa zai ce a miƙo masa sai ka ɗauka faɗa yake yi. Ni ce ƙanwarsa. Tela ce ni, kekena yana gindin tagar da ke kallon bayan gida, saboda haka yawancin abin da zan faɗa ba ji na yi ba, ta wannan tagar na gan shi.

Bayan gidan ba wani fili ba ne. 'Yar siririyar ƙasa ce tsakanin kicin da katangar maƙwabta, da bishiya guda mai tare ranar yamma. Mai hankali tumatir zai zuba a wurin. Yaya furen daji ya shuka. Masu sayar da furanni lili suke ce wa danginsa, amma shi bai damu da sunan ba, "masu sunkuyen nan" yake ce musu, don furen ba ya kallon sama. Kara ne siriri da ke kai wa mutum ƙugu, ganye ya kewaye shi zobe-zobe, a can sama furanni su rataya kai a ƙasa, kowanne ya naɗe leɓɓansa baya, launin ja wanda ya koɗe, da ɗige-ɗige baƙaƙe a ciki. Sai ka durƙusa kake ganin fuskarsa. Ranar da na fara ganinsu na ce, "Yaya, a kan wannan ne ake hana mutane shanya?" Ko kallona bai yi ba.

Yadda ya same su, sau ɗaya ya ba ni labarin, shi ma don na matsa masa ne. Kamfaninsu yana fasa hanya ta gefen wani tsauni mai sanyi da duhuwar itatuwa. Wata rana da aka tashi cin abinci ya hau sama don kunnensa ya huta da ƙara, sai ya tarar da su a inuwa, gangare guda cike. Ya ɗan zauna, ya sauko. Ba a daɗe ba aka ba da umarni a yanke wannan gefen, kuma shi aka ba aikin. Ya yanke. Da bakin katafilar ya kifar da ƙasa sai ga albasoshinsu suna gangarowa, rawaya, ba masu riga irin albasar girki ba, masu ɓawo-ɓawo kamar an jera farce a kan farce. Ya kashe inji, ya sauko, ya cire hular kwanonsa ya cika ta, shugaban aiki yana ta ɓaɓatu daga nesa. Daga baya tsaunin gaba ɗaya aka mai da shi wurin fasa dutse. Da ya koma bayan shekaru, rami ya tarar, da koren ruwa kwance a ciki. Bai taɓa cewa babu irinsu a duniya ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Ni dai na yi yawo, ban ƙara gani ba."

Abin daji ba ya son gida, wannan ya fara koya. Rabin abin da ya kawo ya ruɓe a daminar farko, don ya binne su a ƙasa mai riƙe ruwa. Sai ya tone wurin kaf, ya shimfiɗa tsakuwa a ƙarƙashi, ya haɗa yashi da ruɓaɓɓen ganye wanda yake sharowa daga gindin itatuwan bakin titi, buhu a kafaɗa, mutane suna yi masa kallon wanda ya taɓu. Taki ba ya zuwa kusa da su, ya ce ƙona su yake yi. Kowace albasa a kishingiɗe yake kwantar da ita, don kada ruwa ya kwanta mata tsakanin ɓawo. Ya kewaye su da ragar waya ta ƙarƙashin ƙasa saboda ɓeraye. In ka ɗaga ɗaya daga inda take sai ta yi fushi, ta shekara ba ta leƙo ba. Mutumin da sana'arsa ture tsauni, sai ka gan shi a tsugune da cokalin shayi yana tonon ƙasa, yana huci.

Wahalar gaske a wurin iri take. Tsiro ɗaya ba ya yin 'ya'ya shi kaɗai, sai an ɗebo garin furen wani an shafa masa. A tsauni ƙwari ke yin wannan aikin, a bayan gidanmu kuwa Yaya ne, da gashin kaza. In kwanson ya bushe ya tsage, irin da ke ciki falle-falle ne, shara-shara, kuma ba duka ke da rai ba. Sai an ɗaga kowane falle a hasken taga. Mai rai za ka ga wani ɗan layi a cikinsa kamar guntun zare, fanko kuwa fayau yake. Da na dawo gidan da zama, wannan aikin ni ya ɗora wa, wai idon tela ya saba da kafar allura. Ba ya ajiye iri, don irin ba ya jure ajiya, nan take yake shuka shi a gwangwanaye ya jera a gindin katanga. Shekarar farko ba ka ganin komai. Ta biyu ganye ɗaya tak. Kafin ya yi fure, yaron da aka haifa ranar shukar ya shiga makaranta.

Doka ɗaya ce a lambun, kuma da hasara ya saye ta. Tun matarsa na da rai wata ƙawarta ta kawo mata lili irin na kanti a tukunya, manyan nan masu wangale baki kamar faranti, masu ƙamshin da ke hawa kai. Aka ajiye tukunyar a ƙarshen layi. Da shekara ta zagayo, na dajin da ke kusa da ita suka fito a gurgunce, ganye a murɗe da zane-zane rawaya. Wani tsoho mai rainon furanni ya duba ganyen ya gaya masa gaskiya. Da yawa daga cikin na kanti suna ɗauke da wata cuta a jikinsu, ba ta nuna musu, sun saba da ita. Ƙananan koren ƙwarin nan masu tsotsar ganye su ne ke ɗaukarta su kai wa na daji, su kuwa ba su da ƙarfinta. Babu magani, sai dai a tone a ƙone. Iri ne kaɗai cutar ba ta bi. Yaya ya tone layi guda ya ƙone da hannunsa, tun daga ranar kuma lilin kanti bai ƙara ƙetare ƙofar gidan ba, ko a hannun baƙo. Ɗansa yana goye a lokacin, bai san an yi ba.

Ɗa ɗaya gare shi. Uwar yaron ta rasu yana firamare, ni kuma mijina ya riga ya rasu ban haihu ba, sai na ɗauko kekena na dawo gidan Yaya na riƙe shi. Yaro ne mai shiru-shiru, mai son kwance rediyo ya sake ɗaure ta. Uban bai iya hira da shi ba. In ya dawo daga aiki sai ya dafa masa kai, ya wuce bayan gida. Ina gani, ina jin haushi, ina faɗa, ba a ji.

A shekarar da 'ya'yan gwangwani na farko suka isa fure, ɗaya ya riga sauran, ya ɗaure kai, saura ƙiris ya buɗe. Yaron yana buga ƙwallo a jikin bangon kicin, ƙwallon ta kauce. Ina kan keke na ji ƙas. Yaya yana tsugune a wurin. Ya miƙe, ya dubi karan a karye, ya ɗauke yaron da mari, da hannun nan da ya saba jan ƙarfe. Yaron bai ma yi kuka ba. Zama ya yi daɓas yana taɓa kunnensa na hagu, jini yana bin wuyansa. A asibiti suka ce abin ya wuce dodon kunne, ya taɓa can ciki. Kunnen bai ƙara ji ba.

Abin da na gaya wa Yaya a ranar ba zan maimaita ba, amma maƙwabta sun ji. Shi kuwa bai ba yaron haƙuri ba, bakinsa bai san hanyar ba. Keken hawa ya sayo masa sabo fil, yaron ya jingine shi a lungu har ya yi tsatsa. Tun daga nan yaron bai sake taka bayan gida ba, maganar lambu kuma ba ta sake haɗa su ba. In ana yi masa magana sai ya ɗan karkato kai ya miƙo kunnen dama, kuma duk sa'ad da ya yi haka a gaban uban sai Yaya ya kau da ido. Da ya gama sakandare ya tafi wani gari koyon gyaran firiji, ya zauna can, ya buɗe shago, ya yi aure. Ni yake kira a waya. A ƙarshen hira sai ya ce, "Gwaggo, a gaida mutanen gida." Mutanen gidan nan mutum ɗaya ne, yana zaune a gefena yana yi kamar ba saurare yake ba.

Lambun kuwa, abin haushi, sai ya yi albarka. Da Yaya ya ajiye aiki ya ba shi ransa gaba ɗaya, har masu sunkuye suka cika wurin daga kicin zuwa katanga. Ba ya gayyatar kowa ya gani, ba ya yanka ya sa a kwalba, ba ya sayarwa. In sun buɗe sai ya ɗauko kujerar roba ya zauna a gefensu shi kaɗai, hular kwanon nan tana rataye a ƙusa a bayansa. Na taɓa ce masa, "Ka raini albasa ta zauna, ka raini ɗa ya tafi." Ya yi kwana da kwanaki bai yi mini magana ba, ni kuma ban janye ba.

Tsufa ta ƙirji ya zo masa, ƙurar da ya sha a bakin aiki ta tashi neman hakkinta, ido ma ya fara hazo. Wata safiya, ana gab da buɗe fure, na ɗaga kai daga ɗinki na hango shi kwance a tsakanin layuka, butar ban-ruwa tana tsiyaya a gefensa. Daga asibiti na kira ɗan na ce, "In kana son ka tarar da ubanka da rai, ka taso."

Ya zo da jaka a kafaɗa, furfura ta fara masa a gemu, ni kaina sai da na sake dubansa. Ɗakin marasa lafiyar dogo ne, gadaje a jere, fanka ɗaya ce mai aiki. Yaya yana kwance da robar iska a hanci. Ɗan ya tsaya a ƙafar gado, ya zagaya ta wancan gefen, ya ja kujera ya zauna inda kunnensa na dama zai fuskanci uban.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi. Ya hanya?"

"Lafiya."

Iyakar hirar ke nan, amma bai tafi ba. Ya bar shago a hannun abokin aikinsa, yana yini a asibiti, shi ne sayo magani, shi ne juya uban a gado, sannan ya je gida ya kwana. Ni kuwa na tare a gindin gadon, kayan sawa ma shi yake kawo mini. Muna can masu sunkuye suka yi furensu suka zubar, babu mai gani, babu mai bin su da gashin kaza. Ranar da ɗan ya leƙa bayan gida, abin da ya tarar kara ne da ganye, ba fure ko ɗaya.

Ranar da aka sallame mu, tun daga falo na ji ƙamshin. Na kuwa san shi. Ɗan yana tallafe da uban, yana wani murmushi wanda rabona da ganinsa tun yana ƙarami. Ya ce, "Baba, kafin ka kwanta zo ka ga wani abu." Ya tura ƙofar baya da ƙafa.

Ya cika lambun da lilin kanti. Farare, masu ruwan hoda, masu ruwan lemo, kowanne ya wangale baki yana kallon sama. Ba a gefe ya dasa su ba, tsakanin na dajin ya bi, duk inda ya ga gurbi, har gindin katanga kusa da gwangwanaye. Kuma ya yi aikin da kyau, ya kafa wa kowanne sanda ya ɗaure da zare. Tafin hannunsa duk ya yi bororo.

"Na ga naka sun ƙi fure," in ji shi. "Na tsinki ganye na kai wa mai shagon furanni, ya ce ai danginsu ɗaya. Na ce ya ba ni mafi kyau. Kada ka dawo ka tarar da wurin ba komai."

Na buɗe baki zan yi magana. Yaya ya damƙe mini wuyan hannu da sauran ƙarfin da ya rage masa, sai da na ji shi a ƙashi. Ya daɗe yana kallon lambun. Ɗan ya karkato kai, ya miƙo kunne, yana jira.

"Sun yi kyau," in ji Yaya. "Ka sha aiki. Allah ya yi maka albarka."

Da yamma ɗan ya fita sayo magani, na ɗauko fartanya na nufi baya. Yaya yana kan kujera a bakin ƙofa, bargo a gwiwa.

"Ajiye," ya ce.

"Yaya, ka fi ni sanin abin da ke jikin waɗannan."

"Na sani. Ajiye."

"To bari ya dawo mu gaya masa. Ba yaro ba ne, zai gane."

"In ce masa me? Ka shiga lambuna ka yi ɓarna?" Ya yi tari, ya huta. "Na taɓa gaya masa haka sau ɗaya. Kina wurin."

"To mu mai da su tukwane, mu kai su ƙofar gida."

"Zai tambayi dalili. Ke kuma bakinki ba murfi."

"Yaya, tsaunin ma babu shi. In waɗannan suka tafi, a ina za ka samo wasu?"

"Da ƙafarsa ya shiga wurin nan," ya ce. "Kin taɓa ganin ya shiga tun ranar? Ki yi mini alkawari ba za ki gaya masa ba, ina raye ko ba na raye."

Na yi masa alkawarin, raina a ɓace. Na yi jifa da fartanyar sai da ta ɓantari siminti.

Ban dai zauna ba. Na ce wa kaina wataƙila waɗannan masu lafiya ne, ai ba duka ke da cutar ba. Kullum da safe ina bin ganye da ruwan sabulu da tsumma, ina murtsuke ƙwarin da yatsa, washegari in tarar da wasu sun manne a bayan ganye. Na kwashe gwangwanayen na kai baranda ta gaba, wai suna tare mini hanyar shara. Na tone 'yan albasoshi a ɓoye na kai gidan wata ƙawata. Yaya yana jin motsina, bai hana ni ba, bai kuma tambaye ni ba.

Ɗan ya koma bakin aikinsa, amma duk ƙarshen mako sai ga shi, doguwar tafiya a mota, wai ya zo duba furanninsa. Sai su zauna a bayan gida su biyu. Uban yana koya masa: kada a zuba ruwa a kan ganye, a gindi ake zubawa, in fure ya mutu a tsinke kan a bar karan ya bushe da kansa. Daga maganar ban-ruwa aka gangara maganar katafila, daga nan aka kai ga marigayiya, wadda ba a taɓa ambata a tsakaninsu ba. Wata rana har dariyar Yaya na ji, wata irin dariya mai tsatsa, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ɗan ya kawo matarsa da 'yarsa suka gaishe shi, yarinyar ta hau cinyar Yaya tana ja masa gemu. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma ina zaune a kan keke ina kallonsu, ina kuma kallon abin da ke mutuwa a gefen ƙafarsu, sai abinci ya ƙi shiga mini.

Da shekara ta zagayo, na kanti suka fito ɓul-ɓul, har sun ninka. Na dajin suka fito a makare, gajeru, ganye a murɗe da zanen nan rawaya. Na gwangwani su suka fara tafiya, ganyensu guda ɗaya ya naɗe ya bushe. Waɗanda na kai gidan ƙawata, yawancinsu fushin ɗagawa ya ruɓar da su, wanda ya fito kuma da zanen ya fito. Idon Yaya ya riga ya rufe sosai a lokacin, sai ya sa in kai shi bakin layi, ya bi ganyen da yatsa yana jin murɗewar. Bai ce a tone ba, bai ce a ƙone ba, don hayaƙin ma sai an yi bayaninsa.

"Baba, naka kamar ba sa jin daɗi," in ji ɗan. "In kawo musu taki?"

"Bar su. Tsufa ne ya kama su, irin nawa."

Hanya ɗaya ta rage, ita ce iri. A cikin lambun duka, biyu ne kawai suka yi ƙoƙarin ɗaure kai. Muka sa musu rai, ni da ido, shi da tambaya. In suka buɗe tare, ko a gurgunce ne, za a samu garin da za a haɗa. Ɗaya ya kumbura, ya yi baƙi ta gindi, ya faɗo bai buɗe ba. Na ɗauka na tsaga shi da reza ko zan samu gari a ciki, ruwa ne kawai mai wari. Ɗayan ya buɗe daga baya, fure guda, a karkace. Yaya ya ce in miƙo masa gashin kazar.

Na ce, "Da garin wa?"

Ya ce, "Da nasa."

Ya san ba ya yi, shi ya koya mini. Na taimaka masa ya durƙusa, na riƙe masa hannu na kai kan furen, ya shafa wa furen garin kansa.

Abin mamaki sai kwanso ya fito. Ƙarami ne, amma ya fito, ya kuma hana mu sakat. Kullum da safe kafin ya sha magani sai ya tambaye ni ko yana nan. Na yanko ƙyallen raga daga ragowar ɗinki na ɗaure masa, don kada ya tsage iska ta kwashe. Da ya bushe na yanko shi, na zazzage a farin faranti, na zauna a kujerar keke na ture labule. Yaya yana gefena yana jan numfashi da ƙyar. Na ɗaga na farko a haske, fayau. Na ɗaga na biyu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na cire tabarau na goge na mayar, na sake bi tun daga farko. Bai katse ni ba. Da ya ji na daina motsi sai ya ce, "Akwai?"

Na so in ce akwai. Da sai in zuba su a gwangwani, ai shekarar farko ba a ganin komai, kuma ni da shi mun san ba zai kai ta biyu ba. Amma mutumin nan bai taɓa tambayata abu na rufe masa ba.

"Babu, Yaya. Ko ɗaya."

Ya gyaɗa kai. "To," ya ce. Can sai ya ce, "Zubar kafin yaron nan ya iso. Yau zai zo, ko?" Bai rufe baki ba muka ji tsayuwar mota a waje. Ya sa tafin hannu ya shafe fuskarsa, ya ce in fitar da kujeru baya, in ajiye ta ɗan a hagunsa don kunnen nan mai ji ya zo kusa.

Da sanyin shekarar ya rasu, a ɗakinsa, ɗan yana riƙe da hannunsa.

Ɗan ya ce in ci gaba da zama a gidan, ni ma ba ni da wani wurin zuwa. Da lokacin shuka ya zo ya tone sauran na dajin, albasoshin sun yi laushi sun yi baƙi, ya zuba su a bola tare da ragar wayar da ta yi tsatsa, ya cike guraben da sababbi daga shago. Yanzu duk wanda ya leƙa bayan gidan sai ya yaba. Ƙamshin yana sa ni ciwon kai, shi ya sa na rufe tagar, ina ɗinki da fitila da rana tsaka. Amma ina ba su ruwa in ba ya nan, a gindi, yadda aka koya.

Ran nan na fito kwashe shanya na tarar da shi a tsakiyarsu da butar uban a hannu. Ya ce, "Gwaggo, ni fa da na ɗauka Baba ba ya son komai a duniya sai ciyayin nan nasa. Amma kin ga yadda ya karɓi waɗannan? Ko sau ɗaya bai ce in matsar da su ba. Ya so su, ko?"

Ya karkato kai, ya miƙo mini kunnen dama. Na dubi furannin, na dubi ɗayan kunnen.

Na ce, "Ya so su." Sannan na ce ya sauke bakin butar, yana jiƙa musu ganye.